Yadda Delbert Kroeker Ya Ci Galabar Kamfanin Inshora

Delbert Kroeker ya shekara talatin da ɗaya yana gyaran injunan noma a wani ƙaramin gari a tsakiyar jihar Kansas. A duk tsawon shekarun nan abu biyu ya tsana: ruwan sama lokacin girbin alkama, da kamfanin inshorar lafiyarsa. Ruwan dai yakan ɗauke.

Mai aikin kansa ne, don haka shi yake biya wa kansa da matarsa Wanda. Kowane wata kamfanin ya zari rabonsa, kowace shekara ya aiko da takarda cikin ladabi cewa dala dubu bakwai na farko na duk wata jinya daga aljihun Delbert za su fito. Ganin likita kuwa sai ya jira mako uku, a duba shi minti bakwai, rabinsu likitan na kallon kwamfuta.

Ana nan sai Dokta Lorna Stucky ta buɗe ɗakin duba marasa lafiya a tsohon shagon furanni. Tsarinta ba wuya: ka biya dala saba'in a wata, ka zo duk sanda ka ga dama, ka aika mata saƙo ta amsa da kanta. Awon jini da magungunan yau da kullum a farashin sari. Inshora kuwa ba ta karɓa, ko katin ba ta son gani.

Ranar da ya yi rajista ta ce masa, "Del, ni ta ƙananan ciwo ce. Hawan jini, tari, ɗinkin yatsa. Ba ni da ɗakin tiyata. Kada ka kuskura ka saki inshorarka."

"Na ji, Dokta," in ji shi. Ya kuma ji ɗin, don ita ta duba kunnensa, lafiya ƙalau.

Shekara biyu ya yi cikin jin daɗi. Hawan jininsa ya sauka. Da ƙarfe ya yanke masa babban yatsa wata Asabar, ta zo da kayan aikin lambu a jikinta ta ɗinke. Katin inshora yana cikin aljihu har ya koɗe. Da watan Nuwamba ya zo, lokacin da ake sabunta rajistar inshora, Delbert ya auna abin da hankalinsa na makanike: injin da ba ya aiki ba a zuba masa mai. Ya bar wa'adin ya wuce. Bai gaya wa Wanda ba, amma ya gaya wa manoman da yake shan kofi da su, suka yaba masa ƙwarai. Ba wanda ya saki tasa inshorar a cikinsu.

A watan Yuli, bayan ya ci soyayyar kaza a walimar coci, ciwo ya murɗe shi ƙarƙashin haƙarƙari. Dokta Stucky ta gan shi a ranar, ta sa aka yi masa hoto a farashi mai sauƙi, ta kira su shi da Wanda. Duwatsu ne a matsarmama, sai an cire ta.

"Ba ni katinka in haɗa ka da likitan tiyata," ta ce.

Delbert ya tsura wa hularsa ido.

"Delbert Eugene Kroeker," in ji Wanda. Rabon da ta kira cikakken sunansa tun ranar da ya kawo injin tarakta ɗakin girki. "Me ka yi?"

"Ai ina da likita."

"Kana da likita, sannu. To, ga ta nan, ce mata ta yanka ka a kan teburin furanni."

Dokta Stucky ta zayyana musu abin a gajiye, kamar wadda ba yau ta fara ba. Ba za a sake buɗe rajistar inshora ba sai Nuwamba, inshorar ta fara aiki Janairu, kuma wanda ya saki da kansa ba a buɗe masa a tsakiyar shekara. Akwai asibitin da ke tiyata da kuɗi hannu, in komai ya tafi daidai. In matsarmamar ta kumbura aka kwantar da shi, shagonsa na gyaran injuna ne zai biya, da duk abin da ke ciki.

"Zan jira Janairu," in ji Delbert.

"Kai za ka jira. Ita matsarmamar ban sani ba," in ji likitar.

Matarsa Wanda ta yi shekara ashirin da biyu tana dafa abinci a makarantar gari kafin ƙafafunta su sa ta ajiye aikin. Aikin yana zuwa da inshorar ma'aikaciya da mijinta. A watan Agusta ta koma, tana da shekara sittin, ƙarƙashin wata da ita ta koya mata riƙe ludayi. Sabon katin inshorar ya fara aiki ranar ɗaya ga Oktoba. Kafin nan Delbert ya rayu a kan dafaffen dankali ba mai, ya rame, manoman suka ce ya yi kyau.

An yi tiyata lafiya, shago ya tsira. Mako guda bayan haka, Wanda ta dawo daga aiki ta zube a kujera tana cire takalmi.

"Janairu zan sake sayen inshora da kaina," ya ce. "Ki ajiye aikin nan."

"Kai za ka saya?"

"Na rantse."

"Shekararka sittin da ɗaya. Inshorar gwamnati ta tsofaffi sai ka kai sittin da biyar. Ni zan riƙe har lokacin." Ta ɗora ƙafa a kan cinyarsa, can nesa da ɗinkin. "Matsa min ta hagun, ita ta fi."