Kwalbar da Madam Ta Bar Mini

Lawal, a daren jiya wani mafarki ya zo mini, kuma har yanzu bakina ɗaci yake yi. Kai ka tuƙa motar gidan Baturen nan shekarun da nake masa kuku, shi ya sa ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Ka san da za su koma ƙasarsu, bayan shekara ashirin da biyu ina hidima, sallamar da matarsa Madam ta yi mini ita ce kwalbar gilas ɗin nan mai faɗin gindi da dogon wuya, wadda nake juye musu giyar inabi a ciki kafin a kai tebur. Ban taɓa kai ko ɗigo bakina ba, Allah shi ne shaida. Na wanke ta da toka na ajiye a saman kabad. Makon jiya da dangin yaron da ke neman 'yata Hafsa suka zo gaisuwa, matata ta ga abu mai kyau, ta cika ta da zoɓo ta kai wa baƙi. Kawun yaron, Alhaji Sabo, ya dubi kwalbar, ya dube ni, ya ture kofinsa gefe. Tun daga ranar shiru, sai dai an ce ran Juma'a za su aiko da magana.

To a mafarkin, wai ga ni a wani kanti, Madam ta aike ni in zaɓo sabuwar kwalba. Kantin ba shi da rufi, kwalabe jere har inda ido ya gaji. Na fara aikin yadda ta koya mini. Mai faɗin gindi ta sabuwar giya ce, don ta sha iska. Siririya ta tsohuwar giya ce, wadda iska ke kashewa. Ina ɗalla wa kowace farce ina sauraron ƙararta, domin gilas na ƙwarai kuka yake yi mai tsawo. Amma duk wadda na ɗalla, sai ta kira sunana, Garba, a hankali.

Sai kawai na ga mai kantin Alhaji Sabo ne, da carbinsa a hannu. Yana gaya mini sunan kowace kwalba da ƙasar da aka yi ta, ya ma fi Madam sani. Na so in tambaye shi a wace makarantar allo aka koya masa wannan karatun, har ya gane kwalbar giya daga bakin ƙofa. Amma ko a mafarki talaka ba ya samun ta cewa.

Sai kawai kantin ya zama tsakar gidana, an shimfiɗa tabarmi, mutane sun cika, kowa riƙe da kofi babu komai a ciki. Suna jira in zuba. Na ce ni na bar aikin nan, ba wanda ya waiwayo. Na hango tulun ƙasa irin na mahaifiyata a gindin bango, na ce to wannan na zaɓa, kowa ya huta. Ina taɓa shi ya koma gilas. Na ɗauki buta, ita ma haka. Na ɗauki ƙwarya, haka. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, tana zaune a kan turmi tana kallona. Ita da ta rasu tana zaton miya kawai nake dafa wa Bature.

"Garba, ka wanke hannunka?" in ji ta.

Na nemi ruwa a randa, na tarar da shi ja.

Sai ga Hafsa ta fito da lalle a ƙafa ɗaya, ɗayar babu, tana riƙe da tire. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta durƙusa a gabana ta ce, "Baba, wacce ka zaɓa mini?"

Na duba hagu na duba dama, duk iri ɗaya ce, wadda Madam ta ba ni. Na miƙa hannu ke nan na farka, ana kiran assalatu.

Lawal, raina a ɓace yake. Da aikin nan na ciyar da yarinyar nan, da shi na kai ta makaranta har ta zama malamar asibiti, yau kuma shi ne zai cinye mata aure. Da safe ta kawo mini koko ta gaishe ni kamar kullum, na kasa haɗa ido da ita.

Kai da ka zauna da malamai, ka gaya mini gaskiya. Mafarkin nan cewa yake in cire hula in je in durƙusa wa mutumin da ya fi ni sanin kwalbar, ko kuwa nuna mini ake yi an riga an gama, in fara neman bakin da zan gaya wa Hafsa?