Ranar da Aka Auna Ni da Kara

Ni doguwa ce, kuma tsawon nan ya ja mini magana tun ina yarinya, amma bai taɓa tada gari ba sai a shekarar baftismata.

Shekarar fari ce, sojoji na mulki. Motocinsu ne ke kawo jar dawar taimako Mayahi, mu bi layi mu karɓo, mu dawo muna tsinar tuwonta muna ci. Mu Kiristocin ƙauyenmu ba mu da yawa, majami'armu ɗakin laka ce, faston da ke kula da mu kuwa daga Tessaoua yake zuwa. Na gama koyon abin da ake koya wa masu shirin baftisma, na dinka farin zane, na zaga gida gida na nemi gafarar waɗanda bakina ya taɓa, kuma suna da dama. Mutum ɗaya ya rage, Babana. Tun da na auri Kirista na bi hanyarsa, Baba bai sake yi mini magana ba. Na aika ƙauyensu can wajen Attantané cewa za a yi mini baftisma, ina neman ya yafe mini ɓacin ran da na sa shi. Ko tari bai yi ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don ni ce 'yar farinsa. Dama bisa al'ada bai taɓa kiran sunana ba, amma dā in na gaishe shi yana amsawa.

Sai ga matsalar ruwa. A majami'armu ba a yayyafi, nutsar da mutum ake yi gaba ɗaya, a tabkin bayan gari. Shekarar nan tabkin ya bushe har ya tsattsage. Fasto ya ce a haƙa rami a bayan majami'a, a shafe shi da siminti, a cika da ruwan rijiya. Surukata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Da dai gajera anka samu. Wagga ai sai rijiya ta ƙahe ba ta nutse ba."

Don kada a yi asarar ko tulu ɗaya, maigidana ya ce a haƙa ramin daidai jikina. Ya zaro kara daga danga ya ce in kwanta a tabarma. Karan bana duk tsumburarru ne, sai da ya ɗaura biyu. Na kwanta ina dariya, ya auna, ya ɗauki karansa da magirbi ya nufi bayan majami'a shi da ƙannensa. Ko ɗayanmu bai tuna cewa a ƙasarmu abu guda ake aunawa da kara kafin a yi haƙa ba.

Wani maƙwabcinmu ya hango su. Ya ga maza sun duƙa suna haƙa, ga kara a shimfiɗe, dogo har ya yi yawa. Bai tambayi kowa ba, don a garin nan mace ɗaya ce ke da wannan tsawo. Ya shiga gari yana salati, kuma ranar ta zo daidai da cin kasuwa, labari ya bi masu jakuna ya tafi.

Ina tsakar gida ina daka sai ga mata sun shigo da mayafai suna share hawaye. Ta gaban ta gan ni da taɓarya, ta kurma ihu ta koma da baya ta take ƙafar ta bayanta. A can bayan majami'a kuwa maza Musulmi sun je da nasu magirban, suna yi wa maigidana gaisuwa suna cewa ya fito su karɓe shi, ai mijin mamaciya ba ya haƙa. Da aka gane, an yi dariya har wasu suka zauna a ƙasa. Liman da kansa ya tambayi abin da za a yi da ramin. Maigidana ya ce masa baftisma ke nan: a binne tsohon mutum da zunubinsa a cikin ruwa, sabo ya fito, kamar yadda muka gaskata Almasihu ya mutu ya tashi. Liman ya gyaɗa kai ya ce, "To ai ba mu yi kuskure da yawa ba, kabari ne dai."

Mun manta da masu jakuna.

Da la'asar na ji wani na kiran sunana tun daga bakin gari, da ƙarfi. Na san muryar, amma ban taɓa jin sunana a cikinta ba. Baba ne, ba hula, takalmi ɗaya a hannu, ƙafafunsa fari fat. Ya faɗo gidan ya tsaya. Na durƙusa na ce, "Baba, sannu da zuwa." Ya daɗe yana kallona, sannan ya zauna a kan turmi ya ce, "Ke, ba ni ruwa." Ban taɓa jin daɗin a aike ni ba kamar ranar.

Da ya sha ya huta, masifa ta tashi. Ya wanke maigidana tas, ya ce wane irin mutum ne zai auna matarsa da kara tana numfashi. Daga nan ya ce a kai shi ya ga ramin. Ya leƙa, ya tambayi inda za mu samo ruwan, aka ce rijiyar gari, tulu tulu. Ya ce, "Rijiyag ga da mata ka kwana bisanta? Ku bar ma mutane ruwansu." Ya karɓi karan nan ya tafi da shi, ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayarsa dalili.

Ana gobe baftisma sai ga Baba da amalanke ɗauke da tano biyu, wato manyan gangunan ƙarfe, cike da ruwan rijiyar ƙauyensu mai zurfi, ramammen bijiminsa na ja, shi yana tafe a gefe don kada ya ƙara masa nauyi. Ya ce da fasto, "Ni ba hanyarku ni ka bi ba, kuma ba ni bin ta. Amma ɗiyata ba ta wanka da ruwan roƙo."

Ranar Lahadi muka yi waƙa, na sa farin zanena na shiga. Ruwan da sanyi, kuma duk da awon da aka yi sai da na lanƙwashe gwiwa. Fasto ya tambaye ni bangaskiyata na amsa, ya nutsar da ni cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Na fito ina tari, surukata na guɗa, maƙwabta na leƙe ta saman danga. Ruwan kuwa ko ɗigo ba a zubar ba, bijimin Baba da awakin unguwa suka shanye, mu kuma muka ci tuwon jar dawa da zabi.

Baba bai shigo ba, yana tsaye a inuwar amalankensa. Na je wurinsa da jiƙaƙƙen kai na durƙusa. Ya jawo karan nan daga ƙarƙashin tano, ya ɗora a gwiwa ya kakkarya, ya zuba mini guntayen a hannu.

"Ki hura wuta da shi," in ji shi. "Kada a sake auna mini ke ina da rai."