Guɗar da Ta Fito da Tanko Daga Cikin Igiya

A gidanmu na unguwar Nima, a birnin Akra, ba a samun tatsuniya a banza, sai an tsince wake. Kakata Lami shinkafa da wake take sayarwa a bakin titi, irin wadda ake dafawa da karan dafi har ta yi ja. Kullum bayan magariba sai ta hura gawayi a murhu, ta ɗora ruwa, ta juye waken gobe a babban faranti ta turo mana. Ni da ƙanwata Hasiya da 'ya'yan maƙwabta mu zagaye shi muna fidda tsakuwa. In hannunmu ya tsaya, bakinta ma ya tsaya. Tana da labarin gizo da na kura kamar kowace kaka, amma ba su muke roƙo ba.

"Kaka, na babban zaure!"

"Kai maigida," haka take kirana don tsokana, "mijin da bai iya tsintar wake ba, me zan yi da shi? Jiya na ba ku wannan labarin."

"A sake!"

Sai ta gyara zama, ta buɗe tatsuniyar da cewa, "To, ga ta nan ta sauko daga trotro," wato motar haya. Mu kuma mu haɗa baki, "Ta shigo, akwai wuri!"

Babban zauren wasanni da ke can kusa da teku, a idonta aka gina shi. Tana budurwa a lokacin, tana kai wa leburori koko da ƙosai, kuma yawancinsu mutanen Zango ne, unguwanninmu na Hausawa, su ke ɗaukar yashi da bulo a ka. Ta ce ranar da aka ɗora rufin ta ƙi shiga, don ta duba ta duba ba ta ga ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya ba, ta rantse zai faɗo. Bai faɗo ba. Aka kunna fitilu, fankoki suka hau juyawa, Akra gaba ɗaya ta taso kallo. Wannan makon kokawa, wancan makon masu busa da ganguna ana rawa har gumi ya jiƙa zane. Amma ranar dambe ita ce rana! Damben safar hannu, a kan dandamali mai igiya, kuma 'yan ƙabilar Ga na bakin teku, 'ya'yan masunta, su ne gwanayensa.

"Mu muka ɗauki yashin," in ji Kaka, "amma samarinmu a bayan mahauta suke horo, kusa da kwata. Ruwa ya sauko, kowa ya gudu."

Dattawan unguwa suka je wajen mai kula da zauren suka roƙa a ba yaran Zango rana guda a mako su riƙa horo a ciki. Mutumin ya ce ba ya ƙi ba ne, amma bai san sun iya ba. Su kawo mutum ɗaya ya kara da Tete, gwanin 'yan bakin teku. In ya ci, duk Laraba zauren nasu ne. In bai ci ba, a bar maganar. Ba a yi dogon shawara ba aka zaɓi Tanko mahauci, wanda ya gaji dambe wurin ubansa, kuma tun daga Nima har Kotobabi babu wanda ya taɓa kai shi ƙasa. Tankon nan shi ne kakanmu, ya rasu kafin a haife ni. A lokacin zance kawai yake zuwa wurin Kaka.

Wayyo, ranar Asabar ɗin! Trotro cike daga Maamobi, cike daga New Town, masu kalangu na mahauta a gaba suna zuba masa kirari. Aka sa wa Tanko safa a hannu biyu, ya tsaya yana kallon hagunsa. A dambenmu hannu ɗaya ake naɗewa da zare, ɗayan garkuwa ne kawai. Alƙalin wasa ya kira su tsakiya ya jero dokoki da Turanci, ya maimaita da yaren Ga. Tanko yana ta gyaɗa kai yana "yoo, yoo," alhali ko kalma ɗaya bai kama ba. Kunya ta hana shi tambaya a gaban jama'a.

Aka buga ƙararrawa. Tete kamar sauro, ya shigo ya tsunkula ya fita, kafin a tafi hutun farko hancin Tanko ya fashe. Da aka dawo sai Tanko ya watsar da tsayuwar da aka koya masa, ya duƙa irin ta gida, hagu a miƙe, hannun dama can baya kusa da ƙugu. 'Yan Ga suka kwashe da dariya. Tete ya matso yana dariyar shi ma.

"Dum!" Kaka ta doki faranti, wake ya yi tsalle, mu ma muka yi tsalle. "Sai ga Tete shame-shame a ƙasa!"

To a dambenmu, da zarar mutum ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, wasa ya ƙare. Wata mata a cikin 'yan Zango ta rangaɗa guɗa, kalangu ya amsa. Tanko da jin guɗa sai ya dafa igiya ya dira waje, ya nufo mutanensa yana taku, hannu a sama. Aka ɗaga shi a kafaɗa ana zagaye da shi. Can a kan dandamali kuwa alƙali yana durƙushe yana ƙirga wa Tete. Kafin ya kai goma Tete ya miƙe yana layi. Alƙali ya juya, babu Tanko! Wani malamin makaranta ɗan unguwarmu, wanda shi kaɗai ya san dokar, yana ta ihu, "Ku mayar da shi! Ku mayar da shi!" Ina, wa zai ji shi cikin kalangu? Alƙali ya jira, ya kira, ya ƙirga, sannan ya kama hannun Tete ya ɗaga. Laraba ta tafi.

Mu yara a nan muke faɗuwa da dariya har mu riƙe ciki. Kaka kan taya mu, amma tata dariyar gajeriya ce. Ta ce Tanko ya kwana uku bai fita kasuwa ba. Ba dukan ne ya dame shi ba, fuskar samarin da suka sa rai ce ba ya iya kallo.

Wata yamma Hasiya, da ba ta barin magana ta wuce, ta ce, "Kaka, wace mata ce ta yi guɗar?" Kaka ta ɗauki mafici ta hau fifita wutar da ba ta bukatar fifita. Can ta ce, "Ku tsinci wakenku." Sai kuma a hankali, "Ni ce. Murna ce ta kashe ni. Da na riƙe bakina kaɗan, da ya tsaya." Ranar ba wanda ya yi dariya, ni kam tausayinta ne ya kama ni.

Amma labarin bai ƙare a nan ba. Rana ta huɗu sai ga Tete a Nima da kumburarren muƙamuƙi, yana tambayar gidan mahauci. Mutane suka ɗauka rigima ya zo yi. Shi kuwa ya zauna a bencin Kaka, ya cinye kwano guda da ƙyar, aka kira masa Tanko. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Hannu naka, ni ina so. Doka nawa, kai ka karɓa." Gwanin zaure yana da ikon shigo da abokin horo, sai ya shigo da Tanko. Tanko ya ce shi ma yana bukatar abokin horo, abokin ma ya zo da nasa. Kafin mai kula da zauren ya farga, Laraba ta cika da Hausa, ya kuma kau da kai. "Ƙurunƙus," in ji Kaka, "ruwa ya tafasa, a kawo waken."

Zauren ya ga zamani bayan haka. Na girma na tarar rufin da Kaka ta ji wa tsoro yana yoyo, masu wa'azi suna hayarsa ranar Lahadi, daga baya aka rufe shi tantabaru suka gaje. Da aka gyara aka sake buɗewa Kaka ba ta duniya. Ina yaro na ɗauka labarin na wauta ne. Sai da na girma na gane Tanko ba ƙarfi ya rasa ba, tambaya guda ce ya ji kunyar yi, ita kuma Kaka ta ɗauki laifin a kanta har tsufa.

Yau ni alƙalin dambe ne a wannan zauren, kuma duk yaron Zango da ya hau, sai na faɗa masa doka da Hausa, na sa ya maimaita. Kwanakin baya wani ɗan Maamobi ya kai abokin karawarsa ƙasa, sai ga guɗar wata mata daga saman kujeru, siririya, doguwa, sak irin ta Kaka. Na ga yaron ya juya, ya dafa igiya. Na nuna masa kusurwa na ce, "Tsaya nan, ɗana, ba a gama ba." Ya tsaya. Na durƙusa na ƙirga har goma, idona cike da hawaye, sannan na ɗaga hannun ɗan Maamobin na juya wajen matar na ce, "Yanzu yi, Mama. Yi da ƙarfi."