Awuor da Injin da Aka Tayar Babu Ruwa

Duk wanda ya san bakin tafkin nan ya san rumfar Awuor, mai gyaran injin kwale-kwale. Gajeriyar mace ce, hannayenta sun sha baƙin mai har sabulu ya haƙura da su. A aji shida ta bar makaranta. Ta koyi sana'ar ne wajen wani tsoho, tana wanke masa ƙarafa da kananzir, masunta na wucewa suna ce mata ta koma shanyar kifi kamar sauran mata. Ta ƙi. Yau shekara ashirin da biyar ke nan, kuma masu dariyar nan su ne ke layi a ƙofarta da injuna a kafaɗa.

Abin da ke ci mata rai shi ne yaran garin. Su yi shekara biyu a kwalejin koyon sana'a, su dawo da takarda mai hatimi, sai ka gan su a kan babur suna farautar fasinja. Ran nan ta hau mota har kwalejin, ta ce wa shugaban, "Malam, ku kuna da yara, ni ina da injuna. Me ya hana mu haɗa?" Ya nemi ganin takardar shaidarta. Ta shimfiɗa masa tafukan hannunta a kan tebur.

Sai da aka yi wata huɗu ana je-ki-dawo, sannan suka turo mata ɗaliba guda, Akeyo, wadda garejojin gari duk suka ƙi don mace ce. Sharaɗin shi ne ta cika wata uku cur a rumfar, Awuor ta sa mata hannu, sannan a ba ta shaidar kammalawa. In aka koro ta, shekara biyunta sun tafi a banza.

A sati na uku aka yi ɓarnar. Awuor ta fita cin tuwon masara, ta bar Akeyo da injin Ogutu, babba a cikin masuntan wurin. Yarinyar ta wanke fulogi tsaf, ta ɗaure komai, daɗi ya kama ta, ta ja igiya. Injin ya tashi yana ruri a kan katako, ƙafarsa mai farfela a iska. Ko yaron goye a nan ya san ba a tayar da injin ruwa sai an tsoma ƙafarsa cikin duron ruwa. Kafin Awuor ta iso da gudu, robar da ke jan ruwa ta sanyaya injin ta ƙone ƙurmus, rumfar sai ƙauri take.

Kan ka ce kwabo masunta sun cika wurin.

"'Yar Asembo," in ji Ogutu, don da garinsu ake kiran matar aure a nan, "mun jure ki, yanzu kuma kin kawo mana mai biro. Ko ta tafi yau, ko mu kwashe injunanmu mu kai wani wuri."

Awuor ba ta ko dube shi ba. Ta juya wajen Akeyo. "Ke, wa ya koya miki haka?"

"Mama, injin kwalejinmu a kan tebur yake, an ɗaure shi da kusa. Zana shi muke yi. Ban taɓa jin kukansa ba."

Wani ya kece da dariya. Ita kuwa Awuor wani baƙin ciki ne ya kama ta, ba don robar ba. Shekara biyu ana zana inji, kai jama'a!

"Kun ji ko?" ta ce da su. "Ba a koya mata ba, a nan za ta koya. Kai Ogutu, da hannuna na kwance maka injin da ka ɗura wa fetur ba haɗin baƙin mai, wa ya kore ka daga tafki? Babu inda za ta. Mai son ɗaukar injinsa ga hanya nan."

Mutum uku suka ɗauki nasu suka tafi. Ta bi su da ido har suka sha kwana, ranta na ƙuna, amma ba ta kira su ba. Ta miƙa wa Akeyo sifana da sabuwar roba, ta naɗe hannayenta ta zauna.

Awa biyu yarinyar na kwancewa tana ɗaurawa, gumi na ɗiga daga haɓarta, Awuor ba ta taɓa ko noti ɗaya ba. Aka tsoma injin a duro, aka ja. Ya tashi, siririn ruwa na tsartuwa ta bayansa yadda ake so.

"A duro ke nan," in ji Ogutu. "Ba zan kai mutanena tsakiyar tafki da aikin 'yar makaranta ba."

"To ɗaura shi a kwale-kwalenka. Ni zan shiga."

Kowa ya san Awuor ba ta iya iyo ba, kuma tun ranar da tafkin ya ci ƙanenta ba ta sake taka jirgi ba.

Ta tattare zaninta ta shiga. Akeyo ta kama sitiyari, suka bar gaɓa. Da igiyar ruwa ta fara jijjiga su, Awuor ta runtse ido, ta ƙanƙame katakon gefe.

"Mama, mu juya?"

"Kar ki kuskura," ta ce, ba ta buɗe ido ba. "Suna kallo. Ƙara masa wuta."