Irin Gero a Bakin Shinge

Na yi shekaru ina jan bas daga Makoda zuwa ƙetaren iyaka, amma ranar da na ɗauki Malam Sule har gobe ba ta fita raina ba. Shekarun matsi ne, lokacin da boda ba ta da tabbas: yau a buɗe, gobe a rufe, jibi a ce mutum ya wuce amma ban da kaya. Mu direbobi ba mai sanar da mu komai. Sai dai in ka gamu da wanda ya fito daga can, ka rage gudu ka tambaye shi yadda gaba take.

Malam Sule dattijon manomi ne daga wani ƙauye bayan Makoda. Ya zo da rabin buhun gero, ya hana a ɗora shi saman mota, ya rungume abinsa tsakanin ƙafafu. Na tsokane shi, "Baba, zinariya ce?"

Ya ce, "Iri ne, ɗana. 'Yata Hadiza tana can, mijinta ya rasu, yunwa ta sa sun cinye nasu. Ga shi an yi ruwan shuka, ƙasa ba ta jira."

Direban da na tambaya a hanya ya ce lafiya lau. Kafin mu isa umarni ya canza: ba a fita da hatsi, ko tiya ɗaya. Abin da aka kama kuma ba ya komawa hannun mai shi sai manya sun zo sun duba. Malam Sule ya durƙusa gaban jami'in da bai kai ɗan cikinsa ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba na sayarwa ba ne."

Jami'in ya sunkuyar da kai. "Baba, wallahi ba ni na sa dokar ba. Da jiya ka zo, da ka wuce."

Aka jefa buhun cikin shingen waya inda ake tara kayan kamu, ya fashe. Dattijon ya ƙi hayewa, ya ce da wane ido zai dubi Hadiza. Gindin bishiya na bar shi, da na dawo na ɗauke shi. Haka na mayar da shi Makoda hannu wofi.

Ku yaran mota na yanzu, ku daina raina ƙullin fasinja. Ba ku san rayukan da ke jiransa ba.

Da kaka ta yi, Malam Sule ya roƙe ni in ɗauko masa Hadiza da 'ya'yanta, don ba ta girbe komai ba. A hanyar dawowa, muna tsaye a boda, ta leƙa taga. Cikin wayar nan, inda buhun ya fashe, gero ne ya fito, ya yi zangarniya tuli.

Ta ce, "Malam direba, ji gero kamar irin na gidanmu. Wa ya shuka shi a nan?"

Na tayar da mota muka wuce.