Shafi Bakwai da Suka Rage

Karatuna na boko a aji uku ya tsaya, kuma har gobe ina cewa laifin allon ne, ya yi nisa da bencina. Faransanci kuwa na kasuwa na iya: nawa ne, rage mini, sai gobe. Da wannan tarin ilimi nake sayar da atamfa a unguwar PK8.

'Yata, ita kaɗai gare ni, a nan Libreville aka haife ta. Bayan rasuwar uwarta, in ta taso daga makaranta da la'asar sai ta zo shago ta zauna kan bandir ɗin yadi. Wata shekara aka ba su wani tsohon littafin Turawa mai kauri kamar bulo, ta riƙa karanta mini tana juyawa da Hausa. Labarin wata budurwa ne a gidan yayanta, ci da sha ba yankewa, amma ta nace sai ta tafi birni koyon gyaran agogo.

Na naɗa kaina alƙali.

"Wannan yarinya ba ta da ta ido. Me ta rasa a gidan?"

"Baba, ba ta rasa komai ba. Nata take so."

"To ki gaya wa mai littafin ya maido ta gida."

"Ya mutu tun kafin a haifi kakanka."

"Ya taimaki kansa."

Saura shafi bakwai ta sa ƙyallen atamfa ta rufe, wai jarrabawa ta matso. Ban tuna mata ba. Tsoro nake in ji budurwar ba ta dawo ba.

Da ta gama karatu ta sami aikin jinya a garin Port-Gentil. Tana kallon ƙasa ta faɗa mini. Sai ga alƙali guda a tashar jirgin ruwa ta Port Môle da akwatinta a ka, yana faɗa da 'yan dako kada su taɓa.

Littafin na nan ƙarƙashin tebur. Maƙwabcina mai gyaran waya ya ce in kawo ya ƙarasa mini, minti goma ne. Na ce masa kunnena na ciwo.

Ran Juma'a takan kira. Sau ɗaya na tambaye ta, shin budurwar ta dawo? Sai ta ce:

"Baba, kar ka cire ƙyallen. Da babbar salla zan zo in ƙarasa maka."

Salla biyu ke nan. Ban cire ba.