Layi na Huɗu, Kabari na Bakwai

Ɗana ya rasu a teku tsakanin Libiya da Malta, a Malta kuma aka binne shi. A unguwar Nuzla ta Jidda aka haife shi kamar ni. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, kafilin da ya tsaya masa ya ƙi sabuntawa, ya gaji da ɓuya, ya tafi. Ban ga gawarsa ba, kuma ba ni da takardar da za ta kai ni can.

Bayan wata biyu yayana ya kawo mini hoto a waya: kabari mai tsabta, da itace a gefensa. Ya ce, "Ga shi nan, ƙanwata. Halas, shi ke nan, ki kwantar da hankalinki." Kullum bayan sallah sai na buɗe hoton na yi addu'a.

Wata rana na je Bab Makka sayen yadin ɗinki, na haɗu da wata mata 'yar Chadi wadda ita ma ta rasa ɗa a wannan hanya. Ta ciro waya ta nuna mini kabarinsa. Itacen nan ne, har da inuwarsa. Na karɓi lambar wayarta, na koma gida.

Da na tambayi yayana, ko kunya bai ji ba. "Wani ne ya turo mini. To, mene ne a ciki? A nan Jidda wa ke rubuta suna a kabari? Mijinki ma kin san inda yake kwance?"

Ban sani ba, gaskiya ne. Amma mijina, waɗanda suka ci abinci da shi ne suka ɗauke shi a kafaɗa. Ɗana baƙi ne suka sa shi a ƙasa, sannan ɗan'uwana ya miƙo mini kabarin wani kamar yadda ake miƙa wa yaro alewa don ya yi shiru.

Wani ɗan Nijar da suka shiga jirgi ɗaya da ɗana, ya tsira, shi ya turo mini saƙon murya. Ya ce ya halarci jana'izar: layi na huɗu, kabari na bakwai daga bango, lamba arba'in da bakwai. Shi ya riga ya wuce Italiya, amma ya yi magana da tsohon da ke share maƙabartar, ya yarda zai nuna mini ta bidiyo. Tsohon ba ya jin Larabci, ni ba na jin Turanci. Yayana ya ce in bar masa, zai nemo tafinta. Na ce a'a. Ba wanda zai sake tsayawa tsakanina da kabarin nan.

Na nemo ƙirgan mutanen Malta a waya, ina saurare ina rubutawa a bayan littafin awon kaya. Wieħed, tnejn, tlieta, erbgħa, ħamsa. Sai na ajiye alƙalami. Kusan haka nake ƙirga maɓallai da Larabci a shagunan Sharafiyya tun ina yarinya, sai dai sun haɗiye wasu haruffa. Maimakon in ji daɗi, raina ne ya ɓaci. Ashe bakinmu ya yi kusa haka, amma lamba aka ba ɗana.

Lambobin jeri sun fi ba ni wuya: l-ewwel, na farko, it-tieni, na biyu, it-tielet, ir-raba'. Ina taka keken ɗinki ina maimaitawa. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Hajiya, yaren wa kike yi da keke? Ki bar wa Allah mana." Na ce na bar masa, hanya kawai nake tambaya.

Da safe tsohon ya kira. Fari ne, da hula a kai, numfashinsa na fita da ƙyar. Na ce, "Ir-raba'." Na huɗu. Ya ɗaga gira, ya juya wayar, ya soma tafiya yana ƙirga layuka, ina bin sa da baki. A layi na huɗu ya fara daga bango. Da ya kai na shida ya tsaya, domin akwai furanni a kai, wataƙila ya ɗauka shi ne mai dangi.

Na ce, "Is-seba'." Na bakwai.

Ya matsa gaba. Ƙasa ce kawai da ɗan allo, ba itace kusa. Ya durƙusa ya share allon da hannu, ya karanta, "Sebgħa u erbgħin." Bakwai da arba'in. Na ji shi ba tare da kowa ya fassara mini ba.

Na faɗa masa sunan ɗana. Ya maimaita, bai faɗa daidai ba, na gyara masa har sau uku, bai ƙosa ba. Sannan ya cire hularsa, ya riƙe wayar bai motsa ba har na gama addu'a.

Da yamma na tura wa yayana hoton allon. Ya kira sau biyu, ban ɗauka ba. Matar nan 'yar Chadi na nema, na tambaye ta ko an taɓa gaya mata layi da lamba.